Alhaji Yahuza Ya Yi wa Jirgin Yaƙi Kwalliya

"...Lafiya lau, amarya. Ya hanya? Ya mutanen Kiyawa? Har yanzu tuwon nan naki yana korar baƙi?"

"Suna lafiya, angona, Baba ma yana gaishe ka. Tuwona kuwa ai na masu haƙori ne, kai me ya kai ka zancensa?"

Alhaji Yahuza Mai Fenti ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta karkace. Tun hantsi yake zaune a zauren gidansa da ke Fagoji, cikin Dutse, ya sha farar riga a ranar Asabar ba biki ba suna, sai murmushi yake shi kaɗai. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana fentin motoci a garin nan. Akwalar da duk aka turo masa, sai ya mai da ita ta fito tana ɗaukar ido har mai ita ya wuce ta bai gane ba. A duniya ba abin da ya tsana irin ya ga tsatsa, ko a jikin bokitin maƙwabci ne.

Wadda ta durƙusa gabansa kuwa jikarsa ce, Amatullahi, 'yar ɗansa Sani. Shekararta sha tara, kuma Allah ya jarabce ta da wata sana'a da ba wanda ya taɓa jin irinta a dangi: ƙera ƙananan jiragen yaƙi na zamanin da, irin masu fukafukai hawa biyu, wani bisa wani, waɗanda aka yi da katako da yadi. A waya ta koya. Wata huɗu ta yi a kan guda ɗaya mai tsawon kamu, da karan dawa da tsinken tsire da farin yadin alawayyo da zare da gam. Yau da ƙarfe biyu za a baje kolin fasahar matasa a Dutse, ubanta kuma ya riga ya yanke magana: in ba a zaɓe ta ba, ta tattara wuƙaƙenta da gam ɗinta, wasan yara ya ƙare a gidansa. Ranar Laraba ta kawo jirgin ta ajiye a ɗakin kakanta, don a Kiyawa ƙanne da awaki ba za su bar shi ya kai Asabar ba.

"Me kika kawo mini?" in ji Alhaji.

"Rake da aya, da soyayyen ƙashin kaza."

"Ja'ira! Kashe ni kika zo yi ki ci gado?"

"Gadon me? Buta da carbi?" Ta ciro kwanon fura daga jaka ta dire masa. "Ga ta nan, na dama da ruwa-ruwa yadda ba za ta wahalar da dasashi ba. Ina jirgina?"

"Gaggawar me kike? Mace ta zo wurin mijinta, ko hira babu, sai tambayar jirgi?"

"Mijin da in ya tashi tsaye sai gwiwarsa ta yi sallama kafin bakinsa? Kaka, don Allah ɗauko mini, ina so in duba zaren fukafukin kafin lokaci."

"Zauna nan. Yau za ki san wa kika aura."

Ya miƙe, gwiwar kuwa ta yi ƙara kamar yadda aka faɗa. Ya shiga ciki ya fito da faranti a hannu biyu, an lulluɓe da sabon mayafi, yana tafe yana taku ɗai-ɗai. Ya dire a gabanta, ya gyara tsayuwa, ya yaye mayafin.

Tabɗijam! Jirgi dai ga shi nan, fukafukai biyu, ƙafafu biyu, farfela a hanci. Amma shuɗi ne shar, tun daga hanci har wutsiya, yana sheƙi kamar sabon kwanon sha. Mutum zai iya duba fuskarsa a jiki ya gyara hula.

Alhaji ya tsaya yana jiran guɗa. Amatullahi ta matso kusa. Ta kalli jirgin, ta kalle shi, ta sake kallon jirgin, sannan a hankali ta ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Haka ne, kyau yana sa salati."

"Kaka, me ka yi?"

"Me na yi? Asirinki na rufa! Washegarin tafiyarki na buɗe kwalin nan, na ga abin kunya. Baƙi a hanci, taɓo a ciki, tsatsa ko'ina, kamar an tono shi a bola. Na ce yarinyar nan ƙazantar tata har ta kai ga jirgi? A fita da wannan gaban jama'a, a ce jikar Yahuza Mai Fenti ce? Ina raye? Na samu tsumma da ruwan sabulu na goge shi tas. Har ɓuli na tarar a fukafukin, guda sha huɗu, ko gara ce ko ɓera oho. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na toshe. Sannan na ba shi feshi hawa biyu."

"Ɓulin harsashi ne!"

"Na me?"

"Harsashi! Ni na huda su da allura mai zafi! Jirgin yaƙi ne, Kaka, ba motar kai amarya ba!"

"To ko yaƙi za ka ai ka yi wanka."

"Dattin nan shi ne aikin! Mako uku na yi a kansa. Baƙin tukunya na kankaro, na jiƙa ƙusa a ruwan tsami har ta yi tsatsa, na shafa ruwan shayi a yadin don ya tsufa. Masu dubawa abin da za su duba ke nan, ya yi kama da wanda ya je fagen fama ya dawo. Ƙera jirgi ai kowa ma ya iya."

"Wato ki yi sabon abu, sannan ki zauna ki tsofar da shi da gangan?"

"Ƙwarai."

"Kuma akwai manya masu albashi da za su zauna su ba da lambar yabo a kan wanda ya fi datti?"

"Ƙwarai kuwa!"

"Kai, duniya ta lalace. Da na sani ai ni zan je in zauna a kan teburin, in cinye gasar."

Ya yi maganar yana jiran ta rama, don Amatullahi ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Da ya duba sai ya ga ta juya fuska wajen bango, tana goge ido da bakin hijabi. Jikoki ashirin da uku gare shi, duk gaisuwar Sallah ce ke kawo su, ita kaɗai ce take zuwa ta zauna ta tambaye shi yadda ake haɗa launi. Ga shi da hannunsa ya rusa mata wata huɗu, ya kuma san halin Sani sarai, in ya faɗi magana ba ya janyewa. Kunya ta kama shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaron gareji.

Sai dai Alhaji Yahuza ba mutumin da zai ce a yi haƙuri kai tsaye ba ne, ko da wuƙa a wuya. Ya yi gyaran murya.

"Nuna mini hotonsa kafin in gyara shi."

"Kafin ka kashe shi dai."

"Nuna mini, uwar tsiwa."

Ta miƙo wayar ba ta ko kalle shi ba. Ya nisanta ta da ido, ya matso da ita, ya sake nisantawa. Can sai ya saki wata dariyar mugunta.

"Amarya, wannan jan da ke kan fukafuki mene ne?"

"Tsatsa."

"Fukafukin da me aka yi shi?"

"Na gaya maka, yadi ne aka ɗaure a kan katako."

"To tun da uwarki ta haife ki, kin taɓa ganin zani ya yi tsatsa?"

Amatullahi ta leƙo ta ƙura wa hoton ido.

"Ina jin ki. Ko a Kiyawa katako yana tsatsa? Ga ta nan kin barbaɗa ko'ina kamar yaji a kan tsire. Tsatsa ƙarfe take ci, yarinya, kan ƙusa, bakin murfi, inda ruwa yake kwana. Kuma ƙasa take gangarowa, ba ta hawa sama. Wannan taɓon kuma da kika shafa a gefe, jirgin birgima ya yi a kududdufi? Taya ce take watso taɓo, layi ɗaya, daidai saitinta. Ashe ma taimakonki na yi. Da kin kai wannan, da an yi miki dariya har Kafin Hausa."

"Kai da ko filin jirgi sau ɗaya ka taɓa zuwa, shi ma aka riƙe maka hannu?"

"Sau biyu, da tafiya da dawowa. Kuma ba sai na hau jirgi ba. Shekara arba'in da ɗaya ina bin tsufa ina rufewa, wa ya fi ni sanin inda yake zama? Ƙarfe nawa?"

"Goma saura."

"Ɗauko shi. Ki riƙe da kyau, kar ki ɓata mini fenti."

A bayan gidan akwai shagonsa na da, wanda ya garƙame shekara shida ba wanda ya shiga, har 'ya'yansa sun gaji da roƙon ya ba da haya. Ya laluba aljihu ya ciro mabuɗi, kwaɗon ya yi gardama kafin ya buɗe. Ciki gwangwanaye ne jere a kan katako, da burushi ɗaure-ɗaure, da tsohon injin feshi an rufe shi da buhu. Amatullahi ta tsaya a bakin ƙofa tana zare ido.

"Kaka, duk wannan dukiyar kana da ita, nake yin burushi da gashin wutsiyar akuya?"

"Da kin iya girki da na nuna miki tuntuni. Miƙo samfefar can, mai laushin. Jiƙa ta da ruwa. A hankali! Jirgi kike gogewa, ba ƙasan tukunya ba."

Ta fara gogewa. Sheƙin ya mutu, shuɗin ya soma ja da baya, launin ruwan ƙasan da ta shafa tun farko ya riƙa leƙowa daga ƙasa. Inda ya yi taurin kai, Alhaji ya sa ta ɗiga tina, ruwan narkar da fenti, a tsumma ta dangwala. Wajen ciki ta ce a bar shi, don ta ga hotunan wasu jiragen da cikinsu shuɗi ne.

"Kin ji ko? Ashe Turawan ma ni suka kwaikwaya."

"Ai lokacin kana saurayi, ko?"

"Ina da mata biyu ma. Ta ina matuƙin yake hawa?"

"Nan, ta hagu. Ya taka fukafukin ƙasa, ya dafa nan."

"To goge inda yake takawa har katako ya fito. Inda yake dafawa kuma ki sa baƙi kaɗan, hannun direba ba ya rabuwa da maiƙo. Fukafukin sama ki koɗar da shi, shi rana take duka. Na ƙasa yana inuwa, bar shi da launinsa."

Ta ɗago ta dube shi. Wannan ba ta taɓa jin sa a waya ba.

"Kalle ni da kyau, kyauta ne. Je ki hura wuta ki gasa allura."

Haka aka bi ɓuli sha huɗu aka sake hudawa, Alhaji yana ƙirgawa yana tsaki, wai aikin da ya fi kowanne wahalar da shi ke nan ranar Alhamis. Ta ɗebo jar ƙasa a tsakar gida ta kwaɓa, ya ce ta yi ja da yawa, ta ƙara toka. Ta tsoma tsohon burushin haƙori ta fatsa a ƙarƙashin fukafuki, daidai saitin taya. Tsatsa kuwa ɗigo shida kacal ya yarda a sa, a kan ƙusoshin murfin inji, wanda ta yanko daga gwangwanin madara. Farar rigarsa ta sha jar ƙasa da baƙin tukunya, ko a jikinsa.

Ana kiran sallar azahar saura abu ɗaya, man inji.

"Irin waɗannan injinan man zurma ake zuba musu," in ji Amatullahi. "Suna tafiya suna fesar da shi, ya wanke gefen jirgin, har fuskar matuƙin."

"Zurma? Wadda ake ba yaro in cikinsa ya ɗaure?"

"Ita."

"La ilaha illallahu! Ashe bayin Allah da gudawa suke yaƙi. Shi ya sa suke sauri."

Ta yi dariya har ta kusa kifar da gwangwani, dariyarta ta farko tun da aka yaye mayafi. Ta haɗa tsohon baƙin mai da tina, ta tsoma siririn burushi, ta ja layi daga inji zuwa baya. Layi ya fito sambal.

"Goge! Wannan ai layin littafin makaranta ne. Mai ba ya tafiya haka. Iska tana kaɗa shi, inji yana girgiza shi, ya yi kauri nan, ya tsinke can."

Ta goge ta sake. Ya ce ta goge. Ta sake, ya ce wannan ma ƙarya ne.

"To malamin malamai, ungo, yi da kanka. Ɗaya saura kwata."

Ta miƙo burushin. Alhaji bai karɓa ba. Hannunsa na dama yana cikin aljihu, inda ya wuni in ba dole ba.

"Ke dai sake gwadawa."

"Ungo mana, Kaka."

Ya daɗe yana kallon burushin. Sannan ya zaro hannun ya ɗaga mata a saitin haske. Yatsun suna rawa, rawa ta sosai, ba mai tsayawa ba.

"Kin gani? Feshi da gwangwani kowane makaho ya iya. Amma burushi ya fi ƙarfina. Aikina na ƙarshe wata bas ce, na ja mata layi a gefe ya fito a karkace. Mai motar bai gani ba, yarana ba su gani ba, ni na gani. Ranar na rufe shagon nan. Ubanki ma bai san dalili ba, cewa na yi na gaji."

Amatullahi ta kalli hannun, idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye. Ta san in ta tausaya masa a fili, ya fi zagi ciwo.

"Yo ai irin hannun da nake nema ke nan tun ɗazu," ta ce. "Ka ce inji yana girgiza man. Ga inji Allah ya ba mu a gida, kana ɓoye shi a aljihu?"

"Ke, ba ki da mutunci ko?"

"A wurinka na gada. Riƙe."

Ta danƙa masa burushin, ta tallafe jirgin da hannu biyu ta matso da shi. Alhaji ya yi bisimilla. Ya ɗora bakin burushin a gindin inji ya ja baya, hannun yana abin da ya saba. Layin ya tafi yana kauri yana sirancewa, ya tsinke, ya ɗiga, ya ci gaba. Ya ja na biyu, ya ja na uku. Da ya ɗaga hannu suka tsaya suna kallo su biyu. Wallahi sai ka rantse yanzu jirgin ya sauka, injin bai huce ba.

"Kaka," ta ce a hankali, "wanda na kawo ranar Laraba bai kama ƙafar wannan ba."

"Na sani."

"Ka ce dai na gode da kika ba ni aiki."

"In gode miki? Kin sa ni da tsufana na ɓata fenti hawa biyu, na zuba wa abu datti da hannuna, kuma wai har ina jin daɗi." Ya girgiza kai, dariya ta ƙwace masa. "Shi ke nan, amarya, kin ci ni. Dattin nan ya fi fentina kyau. Kar ki faɗa a gareji."

Suka sa jirgin a kwali, ta toshe gefe da tsumma. Suka fito, ya ja ƙofar shagon ya datse kwaɗon. Ta ɗauki kwalin za ta wuce, sai ta tsaya.

"In ba su zaɓe ni ba fa? Ka san Baba."

"Na san shi tun ba shi da wando. Me ya ce? Wasan yara ya ƙare a ina?"

"A gidansa."

"To nan gidansa ne?"

Ya kamo hannunta ya saka mata mabuɗin a tafi, ya naɗe yatsunta a kai da hannun nan nasa mai rawa.

"Su zaɓe ki ko kar su zaɓe ki, shago naki ne, da duk abin da ke ciki. In Sani yana da magana, ya zo ya cire takalmi a zaure ya faɗa wa ubansa."

Amatullahi ta tsaya da kwali a hannu ɗaya, mabuɗi a ɗaya. Sai ga hawaye.

"Af, kuka kuma? Wuce ki tare mana mai adaidaita, in yi salla in sauya riga."

Ta ja hanci, ta dube shi tun daga hula har takalmi, jar ƙasa, baƙin tukunya, ɗigon mai a gaban riga.

"Sallar dai yi. Rigar kuwa kar ka taɓa ta, a haka za ka. In sun tambayi wanda ya ja layin man, ina so in nuna musu shi."